An Goge Kibiyoyinka, Malam

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran malamina, mijin yayata, wanda ɗalibai suka fi sani da Baba Kibiya, bayan doguwar jinya. Ina tsakiyar darasi waya ta yi ƙara. Yaya ce. Muryarta ko rawa ba ta yi, cewa kawai ta yi, "Auta, abokin faɗan naka ya tafi." Na ajiye alli na fito, har na shiga mota ban tuna ban sallami ɗalibai ba.

Malam, na yi jinkirin rubuta maka wannan, kuma da gangan na yi. Na bari masu gaggawa su gama tukuna. Sun kuwa gama, na karanta su kaf. Wani ya ce bango ya faɗi, wani ya ce an yi rashin gwarzo, wani ya ce giɓin da ka bari ba zai taɓa cikewa ba. A cikinsu akwai wanda ya rubuta cewa ka ƙarar da rayuwarka wajen neman zinariya, akwai wanda ya naɗa ka masanin girgizar ƙasa. Shekara da shekaru kuna hawa bene ɗaya da mutanen nan, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye ka me kake yi a ɗakin nan na ƙarshen baranda, sai da ka mutu kowa ya zama amininka. Ni ba yabo na zo ƙarawa ba. Amana ka bar mini, akwatunan duwatsunka na ƙarshe da ba ka samu ka auna ba, kuma dole in gaya maka abin da ya same su, jama'a na ji.

Tunda masu yabon naka ba su san aikinka ba, bari in fara faɗa musu kamar yadda ka faɗa mana a ranarmu ta farko a jami'a. Ka shigo aji da baƙin dutse a hannu ɗaya, kamfas a ɗaya hannun. Ka ce duniyar nan gaba ɗayanta maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas take neman arewa. Ka ce idan tsauni ya yi aman wuta, a cikin narkakken dutsen da ya zubo akwai ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ido ba ya gani, kuma yayin da yake hucewa sai maganaɗisun ƙwayoyin nan ya bi inda na duniya ya fuskanta a wannan zamani, ya daskare a haka. Dutsen da ya huce a tsakiyar duniya, wato tsaka-tsakin kudu da arewa inda zafin rana yake, maganaɗisunsa a kwance yake. Wanda ya huce can ƙuryar kudu ko ƙuryar arewa, nasa a tsaye yake. Saboda haka in an auna karkatarsa, dutsen zai faɗi a wane ɓangare na duniya yake lokacin da ya huce, ko da miliyoyin shekaru sun wuce. Sai ka buga ƙafa a ƙasa ka ce, "Wannan da kuke takawa tafiya take yi, a hankali kamar tsirowar farce. Aikinmu shi ne mu gano ta inda ta biyo." Rabin ajin dariya suka yi. Ni ban yi ba, kuma tun daga ranar ban sake samun hutu ba.

Sunan Baba Kibiya kuwa a daji ka samo shi. Idan aka huda dutse da inji ana zuba ruwa, sai a sami wata sanda ta dutse mai kaurin babban yatsa a tsaye cikin ramin, gindinta bai rabu da uwar dutsen ba. Kafin a ɓalle ta dole a karce jikinta da tsinken tagulla, a auna inda ta fuskanta da inuwar rana, domin kamfas ba abin yarda ba ne a kan dutsen da shi kansa maganaɗisu ne. Bayan haka a ɓalle ta, a bi karcen da tawada a zana kibiya, a sa mata lamba. Kullum kana nanata mana cewa sandar da ba kibiya tsakuwa ce kawai. Maganaɗisun yana nan a ciki yana nuni, amma tunda ba a san yadda take zaune a jikin dutsen ba, nunin nata bai gaya wa kowa komai ba. Ɗalibin da ya ɓalle sanda kafin ya karce, da hannunka kake karɓa ka wurga ta kwari, ka miƙa masa injin ya sake.

Ni na ɗanɗana wannan ƙa'ida fiye da kowa. A wata fita daji na zame daga kan dutse na karye a ƙafa. Ina kwance ina kururuwa, kai kuwa kana tsugune kusa da ni, tsinke a hannu. Ka waiwayo ka dube ni, ka ga ba jini, ka ce, "Yi haƙuri, ƙafa za a ɗora ta, inuwar nan kuwa gocewa take yi." Sai da ka gama karce, ka duba inuwa, ka zana kibiyarka, sannan ka goya ni. Ka sauko da ni tun daga kan dutsen har bakin hanya, ka hana kowa ya karɓe ka, numfashinka kamar zai ɗauke. Daga nan kullum da yamma kana gidanmu da littattafai, kana maimaita mini darasin da na rasa. Mahaifinmu har yana cewa bai taɓa ganin malami mai tausayi irinka ba. Sai da ƙafa ta warke zuwa bai tsaya ba, muka gane ba ni kaɗai ake dubawa ba. Haka ka auri Yaya, ka kuma ɗauke sunan da take kirana da shi. Har na yi furfura na zama farfesa a wata jami'ar, ko a gaban taro Auta kake ce mini.

Alherinka irin na masu ɗaure fuska ne, sai an daɗe ake ganewa. Ɗakin baƙinku bai taɓa ganin baƙo ba, ɗaliban da suka rasa wurin kwana ne a ciki, wannan ya gama wancan ya shigo, Yaya tana mita tana ƙara hannu a girki. Akwai wata ɗaliba da sauran malamai suka ce ta zauna a mota ta riƙa rubuta lambobi, wai injin huda ba na mata ba ne. Ba ka yi musu da kowa ba, ka ɗauki injin ka ɗora mata a hannu, ka tsaya kana zuba mata ruwa har ta fitar da sandarta. Yau ita ke shugabantar ɗakin gwaji a ƙasar waje, kuma da ta bugo mini waya bayan rasuwarka kuka ya hana ta magana. Wanda ya faɗi jarrabawarka ba ka ƙara masa maki ko ɗaya, ko ɗan waye, amma za ka zauna da shi duk tsawon hutu har sai ya gane.

Manya kuwa ba su taɓa yafe maka ɗakinka ba. Ɗaki ne da aka lulluɓe bangonsa da wani ƙarfe na musamman don ya tare maganaɗisun duniya daga rikita awo, kuma a bakin ƙofa ka ajiye kwanon roba, duk mai shiga ya zube makulli da agogo da waya. Ranar da shugaban jami'a na wancan lokacin ya zo zagaye da 'yan rakiyarsa da mai hoto, ka nuna masa kwanon, ya zube komai yana murmushi, sai ka nuna bel ɗinsa mai kan ƙarfe. Haka bawan Allahn nan ya zagaya ɗakin hannu ɗaya riƙe da wando, kana yi masa bayani dalla-dalla, ba ka rage masa ko kalma ba. Tun daga ranar duk wata buƙata da ta fito daga ɗakinka sai ta ɓace a hanya.

Sai kuma faɗanmu, wanda duk mai wannan sana'a ya sani. Akwai wata shimfiɗa ta baƙin dutse, tsohon aman wuta, a cikin wani tsauni nesa da gari. Kai ka auna ka ce lokacin da ta huce, wannan yanki na ƙasa yana can kusa da ƙuryar kudu cikin ƙanƙara. Ni na auna nawa na ce a tsakiyar duniya yake, cikin zafi. Na ce naka daga saman tsaunin ka ɗebo, inda tsawa take faɗawa ta rikita maganaɗisu. Ka ce nawa daga gindi na kwaso, inda wata wuta ta baya ta sake gasa dutsen ta shafe na asali. Fiye da shekara ashirin muna wannan. A taron masana sai ka miƙe ka yi kaca-kaca da takardata, kana kiran taswirata "zanen Auta", in an tashi ka ja ni gida cin abinci. Yaya ta kafa doka cewa duk wanda ya ambaci nahiya ana cin abinci shi zai wanke kwanuka. Mun wanke kwanuka ba adadi ni da kai, muna ƙarasa gardamar a bakin famfo. Ba ni da abin da na so a rayuwar aikina kamar wannan gardama, kuma na san kai ma haka ne, ko da yake da wuƙa a wuya ba za ka faɗa ba.

Shekaru kaɗan da suka wuce wani kamfanin fasa dutse ya sayi tsaunin ya fara cinsa. Kowa ɓarna ya gani, kai ka ga dama. Sun buɗe cikin tsaunin, tsakiyar shimfiɗar, inda tsawa ba ta taɓa kaiwa ba, kuma nesa da wutar da kake zargi. Duk wanda ya auna wannan ya kashe gardama. Kana da shekara saba'in da ɗoriya, ciwon ya riga ya fara cinka, ka je ka roƙi mai kula da wurin, ka riƙa huda da zarar an tsagaita tayar da nakiya, manyan motoci suna wucewa ta bayanka. Ka dawo da akwatunan katako cike da sanduna, kowace da kibiyarta da lambarta, kowace a naɗe cikin takarda. Yau tsaunin babu shi. Rami ne da ruwa ya taru a ciki, shimfiɗar kuwa an niƙe ta an zuba a tituna. Abin da ke cikin akwatunanka shi kaɗai ya rage.

Ba ka auna su ba saboda injin awonka ya mutu, kuma a nan Shugaban Sashe ya shigo labarin. Ka fi ni saninsa, ɗalibinka ne. Shi ne wanda in an fita daji yake maƙalewa a mota don kada takalminsa ya lalace, da yamma ya bi abokai yana kwafar abin da suka auna. Ka kayar da shi, ka zauna da shi duk hutu, ka sake kayar da shi, da ƙyar da jiɓin goshi ya haye. Bai ƙara taɓa dutse ba sai wanda ke danne takardu a kan teburinsa. Amma yana da baiwar zaman kwamiti, ya iya gaisuwa da hannu biyu, kuma yana shinshino wanda zai hau kujera gobe tun yau. Da haka ya yi ta hawa har ya zama shugabanka. Duk lokacin da ka je masa da maganar gyaran inji sai ya miƙe tsaye ya ce, "Baba, ai kamar an yi ne," ya raka ka har bakin bene. A bayan idonka kuwa cewa yake ilimin naka ba ya kawo wa sashe komai, kuma ɗakin ya fi dacewa da falon karɓar baƙi. Maganar ta dawo kunnenka, ka ce a ƙyale shi, yaro ne. A nan kam, Malam, ka yi kuskuren awo.

Injina lafiyarsa ƙalau, ka kuma sani, amma girman kai ya hana ka ba ni duwatsun. Sai a makonka na ƙarshe a asibiti, da la'asar, Yaya ta fita alwala, ka yafito ni da yatsa.

"Auta, ka je ka kwashe akwatunan nan ka auna a naka injin."

Na ce, "Malam, yau kuma an yarda da injin Auta?"

"Injin na yarda da shi. Mai injin ne kansa ke da matsala." Ka yi tari, ka huta, ka ci gaba. "In ni ne da gaskiya ka buga da sunana. In kai ne, ka buga da sunana dai, ka ce tsoho ya yi kuskure kuma da hannunsa ya ɗebo hujjar. Ban ce ka ji tausayina ba. Sannan ka gaya wa yayarka sakamakon, ta sha wahalarmu."

Na yi maka alkawari, ka rufe ido kamar wanda ya sauke kaya. Wannan ce maganar aiki ta ƙarshe da muka yi.

Ranar jana'iza ba wanda ya kai Shugaban Sashe kuka. Da hankici ya zo, fari sol, kuma duk inda mai hoto ya juya yana wurin. Bayan an dawo daga maƙabarta na ja shi gefe na gaya masa ka bar mini wasiyya a kan duwatsun bincikenka. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Farfesa, ko ƙuda ba zai sauka a kan kayan binciken Baba ba. Bari dai zuciya ta ɗan yi sanyi, sai ka zo ka ɗauka a tsanake." Na koma jami'armu na share ɗakin gwaji, na daidaita inji, na nemi mota. Na buga masa waya ya ce yana taro, na sake bugawa ya ce ya yi tafiya kuma makullin yana aljihunsa. Ana haka sai ga katin gayyata mai ruwan zinariya, wai sashe zai yi ranar tunawa da kai, za a kuma buɗe wani abin tarihi da sunanka. Na ce madalla, in je in sha jawabai in ɗauko amanata a tafiya ɗaya.

An kafa rumfuna a gaban ginin, an jera kujerun roba na talakawa a baya da masu laushi na manya a gaba. Jawabai kuwa mun sha su. Wani babba da bai taɓa amsa gaisuwarka da baki ba ya ce kai uba ne a gare shi. Magatakarda, wanda buƙatunka suke ɓacewa a ofishinsa, ya ce jami'a ba ta taɓa hana ka komai ba. Shugaban Sashe ya ba da labarin yadda kuka sha rana tare a kan duwatsu, har muryarsa ta karye ya nemi ruwa, kuma a cikin tsofaffin ɗalibanka da ke bayana na ji wani ya ce, "A mota dai." Daga nan aka taso mu gaba ɗaya zuwa bangon shiga ginin, inda aka rataye wani farin ƙyalle, aka ja igiya.

Taswirar duniya ce, babba. An yi tekuna da farin siminti, an yi nahiyoyi da ƙananan faya-fayai na baƙin dutse, zagaye kamar kwabo, a goge suna ƙyalli, an jera su an danna cikin simintin. Jama'a suka ɗauki tafi. Ni ma har na ɗaga hannu sai idona ya tsaya a kan faɗin faifan, daidai kaurin babban yatsa. Na matsa kusa na sa tabarau, na ga ƙananan ɗigo kore-kore a cikin baƙin. Na san dutsen tsaunin nan kamar yunwar cikina.

Ban san lokacin da na hau bene ba. Ɗakinka a buɗe, an cire ƙofar, masu fenti suna aiki, sun ɗora rediyonsu a kan injinka. Akwatunan katako suna jingine a baranda wayam, takardun naɗin a warwatse ana takawa. A lungu kuwa ga buhuna a ɗaure, cike da tsofaffin duwatsunka da ka gama aunawa tun da daɗewa, ba wanda ya taɓa su.

Wanda ba ɗan sana'a ba sai an yi masa bayani. Dutsen da aka auna ba ya da kyan gani. Yanka shi ake yi gunduwa-gunduwa, a gasa a tanderu, a auna, a ƙara wuta a sake aunawa, har ya ƙone ya yi jaja-jaja ya saki duk abin da ya riƙe. Wannan ya gama aikinsa, ko a bango aka liƙa shi ko a rami aka zuba ba a yi asara ba. Wanda ba a auna ba shi ne dogo, lafiyayye, baƙi wuluk. Ɗalibin shekara ta biyu ya san wannan, in dai ya sauko daga mota.

Shugaban Sashe ya biyo ni yana haki, fuska cike da fara'a, yana jiran yabo.

"Farfesa, ka ga aikin? Ni na kawo shawarar. Na ce Baba da duwatsunsa za a tuna da shi."

Na nuna akwatunan na ce, "Ina abin da ke ciki?"

"Ai su ne a bangon. Rara ce da Baba bai yi amfani da ita ba, sababbi fil. Na binciken kuwa ga su can a buhu, na ce kada wanda ya taɓa, kamar yadda na yi maka alkawari."

"Kibiyoyin fa?"

"Zane-zanen tawadar nan? Kai, mai gogewar ya sha wahala. Akwai wani karce ma da ya ƙi fita sai da ya sa inji. Amma ka ga dai yadda suka fito."

Na yi masa bayani a hankali, kamar yadda ka yi masa a hutu. Ina magana fara'ar tana gudu daga fuskarsa, har ya yi tsuru-tsuru. Can sai ya tuno abu ɗaya da ya maƙale masa daga darasinka, ya ce, "To ai maganaɗisun yana ciki, Farfesa, gogewa ba ta fitar da shi." Sai ya matso, ya rage murya don kada masu fenti su ji. "Kuma tsakani da Allah, kai ne ma ya kamata hankalinka ya kwanta. Yanzu wa zai ja da taswirarka?"

Malam, jahilcinsa zan iya barinsa da shi, ba yau ya fara ba. Wannan maganar ce na kasa haɗiyewa. Mutumin nan ya dube ni ya ɗauka irinsa ne ni, ya zaci shekarun da muka yi muna wanke kwanuka kujera muke nema. Na raina shi a ranar raini da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, kuma rainin bai ragu ba. Ban mare shi ba, sai dai har yau ban tabbata na yi daidai ba.

Abin takaicin shi ne gaskiya ya faɗa, maganaɗisun yana ciki. Amsar da muka yi ta nema tana nan liƙe a bango, kowane faifai yana nuna inda yake nunawa tun ranar da ya huce, amma ba mahalukin da zai iya cewa ta wane gefe yake zaune a tsaunin, ko wane ɓari ne sama. Na je wurin mai gogewar ko zan sami guntayen da ya yanke, ya ce ya daɗe da zuba su cikin daɓen wani gida. Shi ba shi da laifi, aikin da aka ba shi ya yi, kuma ya yi shi da kyau. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana koyar da cewa ƙasa tafiya take, an ɗauki duwatsunsa an kafe su da siminti a taswirar yau. A ƙarƙashinta akwai allon tagulla mai ɗauke da sunanka, sai kuma sunan wanda ya ƙaddamar, da haruffan da suka ɗan fi naka girma.

Yaya ba ta je taron ba, tana takaba. Na same ta da yamma a falonku, a zaune kusa da kujerarka. Ban gama gaisuwa ba ta ce, "Auta, ka ɗauko?"

Na gaya mata komai, ban rage ba. Ta saurara har na kai ƙarshe.

"To yanzu ba mai sani ke nan?"

"Babu, Yaya."

Ta dubi hannunta. Can ta ɗago ta ce, "Kai fa a ranka, wa kake gani da gaskiya?"

Na so in ce kai ne. Ba abin da zai rage ni da shi, ga ta mace mai takaba, kuma ba mai ƙaryata ni. Na buɗe baki, abin ya ƙi fita. Na ce, "Yaya, har yanzu ina ganin ni ne."

Ta gyaɗa kai. "Da ka ce shi ne, da na san kai ma ka koma irin mutanen rumfa." Sai muryarta ta karye, wadda ba ta karye ba ko ranar da ta ba ni labarin mutuwarka. "Da yana nan da yanzu ya taso maka." Ta fashe da kuka, ni ma na taya ta, don duk duniya ba wanda ya rage da zai taso mini.

Saboda haka masu wannan sana'a su shaida, ban ci gardamar nan ba. Duk inda za a buga taswirata daga yau sai an buga taka a gefenta, kuma ɗalibaina za su koyi hujjarka da ƙarfinta kamar yadda kai za ka faɗe ta, su kuma ji yadda aka yi hujjar ƙarshe ta zama adon bango.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, Allah ya ba ta haƙuri da juriya. Ina yi wa 'ya'yanka da jikokinka, da ɗaliban da suka kwana a ɗakin baƙinka, da duk wanda ka taɓa wurgar masa da sanda ka sa ya sake. Shugaban Sashe ban yi masa ta'aziyya ba, domin bai yi rashin komai ba, falo ma ya samu.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi, ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara, ya sa ilimin da ka bari ya zama sadaka mai gudana a gare ka. Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya tafiyar da ita ya san inda kowane yanki yake a kowane zamani. Ina roƙonsa in tamu ta zo ya sa mu cika da imani, ya haɗa ni da kai a Aljanna in ji amsar, ko da ni ne na faɗi. Amin.